Ƙwallon Aduwa Hamsin

Shafi na 19

Masu turo mini saƙo wai na cika tsanar Majo Barau, ku karanta wannan tukuna, in ya so ku dawo mu yi shari'a.

*

Hantsi bai gama ɗagawa ba Yagana, sabuwar ma'aikaciyar jinya, ta kafa tukunyarta a gindin babban gawon da ke bakin rijiya. Duwatsu uku, kara na ci, ruwa na tafasa, a ciki sirinjin gilashi uku da allurai goma sha biyu. Iyakar abin da gidan likitan Rijiyar Bunu ya mallaka ke nan a bazarar 1975, gari guda da ƙauyukansa tun daga hanyar Mallawa har bakin iyaka. Alluran ma jiya da la'asar ta zauna ta wasa su ɗaya bayan ɗaya a dutsen da ta aro wurin wanzami. Kowace sai ta ja ta cikin auduga, wadda ta kama zare ta sake wasa ta, don ba ta yarda ta yagi fatar ɗan mutane da ƙugiya ba.

Gefenta akwatin sanyi ne lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Kwalba biyar ce a ciki, kowace ta yara goma, rigakafin ƙyanda. Ƙanƙarar da ke riƙe da su ba za ta kai azahar ba, in kuwa ta narke maganin ya mutu, sai dai a ɗura wa yaro ruwan banza.

Ƙyandar ta riga ta ci rugage biyu ta wajen Dungass, kuma nan ta dosa.

Fulanin Arɗo Gidaɗo ne a bakin rijiyar, da ragowar shanun da fari ya bar musu. Yagana ba ta da takardar rubuta sunaye, shi ya sa shekaranjiya ta tsoma ƙwallon aduwa hamsin cikin shuɗin maganin gyambo, ta bi rugar bukka-bukka ta danƙa wa kowace uwa guda. Mai ƙwallo, ɗanta na da allura.

To sun zo. Hamsin ɗin duk sun zo, amma can nesa suka zauna bayan kwamin shayar da shanu, kowace ta juya goyonta ta rungume, ba wadda ta tako tabarma.

“Baffa,” in ji Yagana, tana duban Arɗo, “rana tana yi. Ka ce su matso goma-goma. Ba na fasa kwalba sai na ga yara goma zaune.”

Tsohon ya jingina da sandarsa yana kallon ƙasa.

“Za su matso, lokotoro.”

“Yaushe?”

“In Allah ya yarda.”

Ta san wannan amsar. Bafulatani ba ya ce maka a'a a gaban idonka, sai ya bar ka da in Allah ya yarda har rana ta faɗi. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ta rasa abin da ta yi musu. Ta sa hannu ƙarƙashin buhun ta taɓa akwatin, ta ƙara yayyafa masa ruwa.

Matan gari masu ɗiban ruwa sun ajiye tuluna suna kallo. Ƙande, matar mahauci, ita ce mai baki a cikinsu.

“Madam, ki daina wahalar da kanki kan mutanen daji. Mu namu tun wata biyu da suka wuce Majo ya yi musu, kafin ma a turo ki garin nan. Yara tasa'in a yini guda, ba wanda ya yi masa yanga.”

Kamar an kira shi sai ga shi.

Majo Barau, shugaban gidan likitan, da farar rigar aikinsa wadda ba ta taɓa ganin jini ba sai guga. Biro uku a aljihu, tabarau baƙi, tumbi a gaba, yana tafe yana kaɗa makullai kamar shi ya gina Damagaram. Mutumin da in mace mai naƙuda ta buga masa ƙofa sai ya tambayi ko 'yar wane ce kafin ya nemi takalminsa. Tir!

Bai yi sallama ba. Ƙafa ya sa ya ɗaga gefen buhun.

“Madmazel, wa ya ba ki izini?”

“Ina kwana, Majo. Sauke mini buhuna, rana na shiga.”

“Na ce wa ya ba ki izini?”

“Motar Magaria ta kawo magani ran Juma'a. Na aika gidanka aka ce ka ƙetare kasuwa Najeriya. Direba ba zai kwana yana jiranka ba, na karɓa.”

“Kika kai shi ina?”

“Inda zai rayu.”

“Ina ne?”

Yagana ta miƙe ta goge hannu a zanenta.

“Kai ka ce mini firigon gidan likita, na sanyaya magani, yana Magaria wurin gyara. Wata ɗaya da rabi da zuwana ban taɓa ganinsa ba. A randa zan sa? Na kai wurin Malam Illo.”

Illo, likitan dabbobi, yana tsaye jikin mobilet ɗinsa, ɗan babur ɗin da ya ɗauko akwatin a kai. Mutum ne marar surutu, sai ya ɗaga hannu kawai.

Abin da Majo yake so ta furta ke nan a gaban jama'a. Ya san sarai in labari ya kai Damagaram cewa maganin yara ya kwana uku a firigon dabbobi, tambayar farko ita ce ina na gidan likita yake. Gara a watse yau, maganin ya mutu a akwati, ya rubuta cewa sabuwar yarinya ce ta lalata shi. Ya cire tabarau, ya juya wajen Fulani, ya buɗe murya kamar mai shela a kasuwa.

“Arɗo! Ku saurara da kyau, ni ne babba a nan! Kun san inda maganin nan ya kwana? A ɗakin allurar shanu! Cikin akwati guda da maganin shanu, hannun mai shanu ne ya ɗauko shi! Yarinyar nan ta mai da 'ya'yanku maruƙa. Ku kwashe su ku tafi, ba da yawuna ba!”

Matan gari suka ɗauki salati. Ƙande ta tofar da yawu.

“A'uzubillahi! Allurar dabba a jikin ɗan mutum?”

Yagana ta dubi akwatin. Kwana uku tana tashi tana duba ƙanƙara, yini guda tana bin bukkoki cikin rana, ga shi mutum ɗaya zai zubar da shi duka da baki. Ta buɗe baki za ta yi bayani, Arɗo Gidaɗo ya ɗaga sanda alamar ta dakata.

Tsohon ya tako a hankali. Bai je wurin Majo ba, wurin Illo ya nufa.

“Illo, gaskiya ya faɗa? A wurinka ya kwana?”

“A wurina, Arɗo. Ɗakinsa daban a cikin firigo, ba abin da ya taɓa shi.”

“Wutar ba ta mutu ba?”

“Wutata ba ta mutuwa. Ƙasar nan in saniya ta yi tari sai an ji a Damagaram. Ni ana kawo mini kananzir da lagwani kan kari, na yara ne ba a tambaya.”

“Bai biya ta gidan Majo ba?”

“Ko ƙofar bai gani ba.”

Arɗo ya juya ya yi wa matan magana da Fulatanci, kalma uku ko huɗu. Wallahi kamar an buɗe wa tumaki garke. Mata hamsin suka miƙe lokaci guda, kowace da ƙwallonta shuɗi a tafin hannu, suna ture juna wajen hawa tabarma.

Majo ya saki baki.

“Kai Arɗo, ba ka ji abin da na ce ba? Na ce na shanu ne!”

“Na ji, Majo. Allah ya saka maka da alheri da ka faɗa.”

“Me?”

“Da ma abin da ya zaunar da mu, mun zaci daga hannunka ya fito. Kunya ta hana mu faɗa wa yarinyar nan, don kai ne babbanta.” Ya gyara malafarsa. “Shekara goma sha biyu Illo da waɗanda suka riga shi suna yi wa shanunmu allurar ciwon bushiya. Wadda aka yi wa ba ta mutu da bushiya ba, ko guda. Fari ne ya kashe su, shi kuwa ba shi da allura. In abin da ya tsare mini saniya zai kwana kusa da na jikana, ai jikana ya samu maƙwabci na gari.”

Oho! Mutum ya shekara takwas cikin Fulani bai san matsayin saniya a wurinsu ba. Ya ɗauko abin da suka fi girmamawa a duniya ya jefe su da shi, wai zagi.

Yagana ba ta tsaya jin daɗi ba, ba lokaci.

“Goma kawai! Saura ku koma inuwa. Ke, naki ya kai wata tara? To zauna. Malam Illo, riƙe mini buhun nan ta gabas.”

Ta wanke hannu da sabulun salo, ta ɗauko sirinji daga tukunya da ɗan matsefin ƙarfe, ta jira ya huce. Ta fasa kwalbar farko ƙarƙashin inuwar buhu, ta haɗa garin da ruwansa. Uwa ta jefa ƙwallo a ƙwarya, ta miƙa dantsen yaro, allura ta shiga, yaro ya tsala ihu. Allurar ta koma tukunya, wata ta fito. Ba ta taɓa soka wa yara biyu allura guda ba, ko da kuwa za ta zauna jiran ruwa ya sake tafasa, kuma da yake sirinjin uku ne kawai, sau biyu hakan ta faru kafin a gama goman farko.

Majo na tsaye ana gittawa ta gabansa kamar turken jaki. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, sai ya koma kan Arɗo.

“Me kake nufi da daga hannuna? Me hannuna ya yi? Ka san ina iya sa jandarma su tashe ku daga rijiyar nan yau?”

Wata matashiya ce ta tanka, wadda ke durƙushe tana riƙe wa Yagana ƙafafun yara. Fadi sunanta, surukar Arɗo, ita ke kai nono cikin gari kullum safe.

“Baffa, ka bar ni in faɗa.”

“Yi shiru, Fadi.”

“Ya ce zai tashe mu, Baffa.”

Tsohon ya kau da kai. A wurinsu izini ke nan.

Fadi ba ta ɗago ido ba, da yaron da ke hannunta take magana kamar mai lallashi, amma kowa na ji.

“Ni ke kai nono gidan Majo. Farin akwatin nan mai sanyi, mai fitila a gindi, yana ɗakinsa na tsakiya. Da hannuna nake sa ƙwaryata a ciki. Akwai lemo, akwai ruwa, ran kasuwa akwai nama.”

Hannun Yagana ya tsaya cak a kan kwalba ta biyu.

“Tun yaushe, Fadi?”

“Tun ranar sunan ɗansa. Samari huɗu suka ɗauko shi daga gidan likita don baƙi su sha sanyi. Bai koma ba.”

“Wata nawa ke nan?”

“Yaron yana rarrafe yanzu. Goma.”

“Ƙananan kwalabe irin waɗannan fa, kin taɓa ganinsu a ciki?”

“A ciki? A'a. A kan taga na gan su, cikin kwali, wajen da rana ke shigowa. Sun daɗe a nan, har kaza ta taɓa yin ƙwai a kai.”

Wani ya yi dariya daga wajen rijiya, ya haɗiye ta da sauri.

“Ƙarya take!” Majo ya daka tsawa. “Baƙauyiya mai warin man shanu, me kika sani game da firigo? Na surukina ne na aro! Na gidan likita yana Magaria!”

Yagana ta dube shi. Wata ɗaya da rabi tana ce masa Majo tana rusunawa, tana wanke raunuka da ruwan gishiri saboda ya ce alkol na wanke ciwo ya ƙare, tana yayyaga tsofaffin zannuwanta tana dafawa ta yi bandeji. Yau da ta dube shi ba ta ji tsoro ba, ba ta ma ji haushi ba, ƙyama kawai ta ji, irin wadda take ji in ta buɗe gyambon da aka rufe da kashin shanu.

“Majo,” ta ce, “matsa daga haske, inuwarka ba ta da amfani a nan. Goma na gaba!”

Ƙande ta matso kaɗan.

“Majo, ba dai da na tagar ka yi wa namu ba?”

“Ke ma kin bi maganar mai tallan nono? Naku daga Magaria na ɗauko shi da sanyinsa, a ranar na yi muku. Je ki ɗebi ruwanki.”

Ƙande ta koma, amma ba ta ɗauki tulunta ba. Wata yarinyar mace daga cikinsu ta bar guga a bakin rijiya ta nufi gari da sauri.

Aiki ya ci gaba. Kwalba ta biyu, ta uku. Rana ta hau, inuwar gawo ta tattare, Illo na ja da akwatin yana bin ta. A kwalba ta huɗu sirinji ɗaya ya tsage cikin tukunya, Yagana ta ɗaga shi ta duba, ta ajiye gefe, ta ci gaba da biyu. Wata uwa ta kawo yaro jikinsa zafi rau, ta buɗe masa baki ta duba cikin kumatu, ta ga ba ƙyanda ba ce haƙori ne, sannan ta yi masa. Gumi na zuba daga haɓarta, Fadi na share mata da bakin gyale don kada ya ɗiga a hannu.

Majo bai tafi ba. Tafiya ta zama amsa laifi, tsayuwa ta zama abin kallo, sai ya zaro biro yana rubuce-rubuce a tafin hannunsa wai yana ɗaukar sunaye.

Da ta sa hannu ɗauko kwalba ta biyar, ƙanƙarar da ta rage ba ta fi goriba ba.

“Goman ƙarshe. Fadi, ina taki?”

“Ga ta a bayana. A gama da na mutane tukuna.”

“Ɗauko ta ki zauna a ƙarshen tabarma.”

Ta fasa kwalbar. Ɗaya, biyu, uku. Ƙwallaye na faɗawa ƙwarya. Tana kan na bakwai ta ji mata na darewa a bayanta.

Hinda ce, matar Majo. Macen da ba a taɓa ganin ƙafarta a bakin rijiya ba, ga ta ba takalmi, mayafi a karkace, da yaro ƙato a kafaɗa mai kumatu kamar an hura. Ta wuce mijinta kamar ba ta gan shi ba, ta zube gaban tabarma.

“Madam, don girman Allah ki yi wa Mamadu.”

Majo ya yi wuf ya kama mata mayafi.

“Wa ya fito da ke? Koma gida!”

“Ba zan koma ba, Malam. Ɗan maƙwabta ya kwana da zazzaɓi, yau idonsa ya yi ja, jiya tare suka yini a tabarma guda.”

“Na ce ki koma!”

Yagana ta soka wa na takwas, ta mai da allura tukunya.

“Hinda, Mamadu wata goma gare shi. Ran da aka yi wa yaran gari yana da wata takwas, ai har 'yan wata bakwai na ji an yi wa. Ba a yi masa ba?”

Hinda ta dubi mijinta, ta sunkuyar da kai.

Wanzami ba ya son jarfa, jama'a. Yara tasa'in ya jera ya soka musu, nasa ɗaya ya ɓoye a ɗaka.

Na tara ya wuce. Saura allura guda a gindin kwalba, saura ƙwallo guda a hannun Fadi, da 'yarta ramammiya mai wuya kamar zare, ga kuma Mamadu yana wasa da ɗan kunnen uwarsa.

Majo ya sunkuyo daidai kunnen Yagana. Muryar shelar nan ta ɗazu ta koma kamar ta sauro.

“Yagana, ki ba yaron.”

Yau ne farkon ranar da ya kira sunanta.

“Ban ji ba, Majo. Ɗaga murya, ɗazu ai har shanu sun ji ka.”

“Ki ba shi. Zan manta da rahoton da zan rubuta a kanki.”

“Maganin shanun?”

“Yagana, ki ji tsoron Allah.”

“Yau ka tuna da shi?”

Ya share gumi da hannun farar rigar.

“To raba. Rabi-rabi. Ko ki ƙara ruwan tukunya ya cika biyu, wa zai sani?”

“Ƙyanda za ta sani. Rabin allura ba ya tsare kowa, sai in sallami yara biyu da ƙarya maimakon in tsare ɗaya. Wannan aikinka ne, ni ban koye shi ba.”

Ta zuƙe maganin cikin sirinji har ɗigon ƙarshe, ta ɗaga shi ta fitar da iska. Mamadu bai ɗauki firigo ba, bai sha lemo ba. Ya miƙo mata hannu yana dariya da haƙoransa biyu, har sai da ta kau da ido.

Fulani hamsin suna kallonta. Ba wanda ya roƙe ta. Fadi dai ta buɗe tafin hannunta, shuɗin ya rine mata fata saboda tsabar damƙa tun safe. Sun saba, in babba ya zo ƙarami ke tashi daga tabarma. Arɗo har ya soma juya baya, don kada ya ga abin da ya riga ya sani.

“Fadi,” in ji Yagana, “jefa ƙwallonki.”

Ƙwallon ya faɗa ƙwarya. Allura ta shiga dantsen yarinyar, ta yi ɗan kuka marar ƙarfi.

Hinda ta ƙwala ihu ta dafe kai.

“Wayyo ni Allah! Ka kashe mini ɗa! Ka kashe shi!”

“Hinda,” Yagana ta ce, “ki ji ni. Ki raba shi da yaron maƙwabta yau, ki yi ta ba shi nono da ruwan da aka tafasa. Gobe zan hau mobilet ɗin Malam Illo in je Magaria da kaina in nemo.”

Ina! Hinda ba ta ji. Ta miƙe ta cakumi farar rigar nan mai guga, biro biyu suka zube ƙasa.

“Na ce ka mai da firigon nan, ka ce wa zai tambaya! Ran da ka kwashi kwalaben taga na ɗauko Mamadu na biyo ka har zaure, me ka ce mini? Faɗa musu! Ka ce mai da shi ɗaki, wannan ruwa ne, na cika takarda ne kawai, nasa sai sabo ya zo! Ga sabo ya zo, kana tsaye kana shela har ya ƙare!”

Ko shanun da ke kwami sai da suka ɗago kai.

Majo ya waiga neman hanya. Babu. Yarinyar da ta bar guga ɗazu ba Hinda kaɗai ta gaya wa ba. Tun daga bakin rijiya har gindin ganuwar kara matan gari ne, wasu da goyo, wasu da yara a hannu, wasu da garin tuwo a damatsa, sun taho sun tsaya ba a ji zuwansu ba.

Ƙande ce a gaba. Ita ɗin dai da ta tofar da yawu ɗazu. Ta kwance goyonta a hankali ta juyo da yarinyar. Idanun sun yi jajir sun manne da kwantsa, hanci na zuba.

“Tun shekaranjiya take haka,” in ji ta. “Na ce mura ce. Na ce ai an yi mata.”

Yagana ta taso da sauri ta karɓi yarinyar. Jikin kamar garwashi. Ta juya ta wajen haske, ta ɗaga mata kunne. Ƙananan jajayen ƙuraje sun fito a bayansa, sun soma gangarowa wuya.

Ƙande ta karanta amsar a fuskar Yagana. Ba ta yi kuka ba, ba ta ko dubi Majo ba. Ta durƙusa a kan tabarmar da ta ce ta mutanen daji ce, matan da ke bayanta suka soma durƙusawa ɗaya bayan ɗaya, kowace na tura ɗanta gaba tana naɗe masa hannun riga.

“Madam, wannan ta riga ta kamu, na sani. Amma akwai wanta a gida, akwai na waɗannan.” Ta nuna akwatin da haɓa. “Mu ma mun yarda da na shanun. Saura nawa a ciki?”

Yagana ta yaye buhun, ta ɗaga murfin.

Ruwa ne kawai yake lilo a ciki.